Abin da Kaka Ya Ɓoye Cikin Huffi

Duk wanda yake da tsoho mai ciwon suga a gida, ina roƙonsa ya ajiye wannan rubutun, ya je ya duba ƙafar tsohon, sannan ya dawo mu ci gaba. Idan tsohon ya ce lafiya lau take, to a nan ne ma za ka durƙusa ka duba da kyau.

Sunana Nura, shekarata goma sha shida, a Birnin Tudu muke ta ƙasar Bakura. A makaranta an san ni da abu biyu: surutu da rashin iya zama. Wani malaminmu ya taɓa cewa ko an ɗaure ni a benci, sai dai a wayi gari a tarar da ni da bencin a kasuwa. Kakana na wajen uba shi ne Malam Ummaru, manomin shinkafa ne kuma yana jan salla a masallacin ƙofar gidanmu. Tun da matarsa ta rasu ni nake kwana a ɗakinsa. Shi yana kirana Tsiya, ni ina kiransa Tsoho, kuma duk gidan babu wanda ya isa ya taɓa masa hula sai ni.

Ciwon ya fara ne da ƙishirwa. Kaka ya riƙa shan ruwa kamar zai ƙafar da madatsar Bakolori, yana zagayawa bayan gida ba ƙaƙƙautawa. Ya rame har rigarsa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Duk wanda ya ce masa, "Malam, ya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Gwaggo Hauwa, ƙanwar babana da ke aure a Garbadu, ta zo da jiƙon saiwoyi a galan ta ce shawara ce. Wani abokinsa daga Maradun ya aiko da gari a ƙullin leda, ya ce basir ne. Kaka ya sha na Garbadu da safe, na Maradun da yamma, kada wani ya ji haushi. Sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin gona sannan aka ɗauke shi zuwa asibiti a Mafara.

A can muka yi layin kati, muka yi layin awo, muka yi layin jiran sakamako. Na rantse akwai wani layin da muka bi har gaba, sai muka tarar na masu sayen ƙosai ne. Daga ƙarshe aka ce suga ne, ya hau sosai. Aka ba shi magani, aka jero masa abin da zai rage. Na farko a ciki, tuwon shinkafa.

Mutumin da ya yi shekara hamsin yana noman shinkafa aka ce masa ya ci ɗan dunƙule kamar na yaye. Fura ma sai ba sukari. Muka dawo gida, jiki ya ɗan warware, amma Kaka ya daina magana. Ya zauna a zaure yana kallon bango. Na ɗauke masa hula na sa a kaina, na yi ta rawa a gabansa, ko kallona bai yi ba. Wannan ya fi faɗuwarsa a gona tayar mini da hankali. Na kasa zama, na kasa karatu, na shiga na fita har Innata ta ce ƙafata za ta haƙa rijiya a tsakar gida.

Ina da wata tsohuwar waya da yayana ya bar mini, gilashinta ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. A cikinta akwai manhajar nan da ake rubuta wa magana ta amsa kamar mutum. Da ita nake aikin gida na lissafi. Ran nan na hau katangarmu, don a nan kaɗai sabis yake kamawa, na rubuta mata cewa kakana ya yi shiru tun da aka hana shi tuwo, me zan yi. Ta ba ni shawarwari da yawa. Wadda na ɗauka ita ce: kullum a zauna da shi, ya faɗi abubuwa uku da ya ji daɗinsu ranar, komai ƙanƙantarsu.

Na sauko na same shi a zaure bayan la'asar.

"Tsoho, akwai wani cikin wayag ga da ke son koya maka godiya."

Ya juyo a hankali. Karo na farko ke nan da ya dube ni a mako guda.

"Koya mani mi?"

"Godiya. Ya ce ka faɗi abu ukku da ka gode ma Allah a kai yau."

"Ni? Ni za a koya ma godiya? Karanto min abin da ya ce."

Na karanta masa. Ya saurara, ya taɓe baki.

"Wanga abokin naka Bakano na. Ji Hausa tai. To ka ce ma Bakano abu ukku na yara na. Rubuta."

Ranar sai da babban yatsana ya yi sanyi. Ya gode wa Allah da ido, da kunne, da haƙoransa da suka rage, da inuwar dalbejiya, da ruwan randa, da jakin maƙwabci da bai yi kuka da rana ba. Na hau katanga na aika, na dawo na karanta masa amsa. Bakano ya ce ya ji daɗin maganar jakin, ya tambaya ko jakin yana da suna. Kaka ya yi dariya har da tari.

Daga nan abin ya zama kullum. Cikin mako biyu Kaka ya dawo Kaka. Yana cin tuwon dawarsa da miyar ganye, yana shan magani, yana zagina yadda ya saba. Maƙwabta suka ji labari, suka fara taruwa a zauren bayan la'asar don su ji gasar Malam da Bakano. Wani ya ce Malam ya kai ƙarshe wajen tawakkali. Wani ya ce shi tunda yake bai taɓa jin Malam ya ce wash ba. Kaka yana jin wannan yana gyara zama. Ni kuwa kaina ya yi girma har ina ganin ƙofar zaure ta yi mini kaɗan. Na gaya wa 'yan ajinmu cewa na warkar da kakana da datar ɗari biyu.

A cikin waɗannan kwanaki ne ya fito da huffi.

Ga wanda bai sani ba, huffi safa ce ta fata, wadda idan mutum ya sa ta da alwala, ba sai ya cire ya wanke ƙafa ba, shafa kawai zai yi a kai. Wani ne ya kawo masa tsaraba daga Makka tun ina goye, tana ƙasan akwati. Sai ga Kaka ya sa ta, kuma ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Mutanen zaure suka ce Malam yana raya sunna. Har mutum biyu suka yi saƙon tasu daga Gusau. Da ita yake kwana, da ita yake tashi. Ranar Juma'a kaɗai yake cirewa, shi ma a makewayi, ƙofa a rufe. Ya kuma fara yin salla a zaune, ya ce gwiwa ce, ya sa wani ya riƙa jan mutane.

Ban kawo komai a raina ba. Ina can ina lissafin yadda zan zama likita ba tare da na ci jarrabawa ba.

Wajen mako na huɗu, ina kan katanga na aika godiyar ranar, sai amsar ta zo da wani abu a ƙarshe. Bakano ya ce ya lura Malam ya gode wa Allah da ƙafarsa ta hagu sau da yawa a kwanakin nan, amma bai ambaci ta dama ba. Ya ce mai yiwuwa ba komai, sai dai tunda na gaya masa suga ne ciwon, yana da kyau wani ya riƙa duba ƙafafunsa kullum, kuma idan an ga rauni ko kumburi a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Na koma sama na karanta abin da na riƙa aikawa. Ƙafar hagu da ta kai ni masallaci. Ƙafar hagu da ba ta gajiya. Ƙafar hagu. Kaka ba ya ƙarya, ko a wasa. Abin da ba zai iya yabo ba, tsallake shi yake yi. Na kusa faɗowa daga katangar.

Na tafi wajen Baba kai tsaye.

"Baba, ina jin akwai abin da ke ƙafar Tsoho. Ka ce ya tuɓe huffin nan."

Baba ya dube ni kamar na ce ya je ya aske wa liman gemu. Shi ne ɗan fari. Kaka ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce "wancan". Gaisuwarsu daga bakin ƙofa ce, Baba a durƙushe, kowa na kallon ƙasa.

"Ni in ce ma Malam ya tuɓe? Kai dai ba ka da hankali. Ka tambaye shi mana, ba abokinka ba ne?"

Na tambaye shi. Ya ce, "Da sauƙi." Na ce ai ban ce ciwo take ba, me ya yi sauƙi? Ya jefe ni da carbi.

Na kira Gwaggo Hauwa. Ta ce in dai ƙafa ce, to wani abu ya taka a gona, an binne masa ne saboda shinkafarsa ta fi ta kowa, za ta aiko da hayaƙi. Hayaƙin ya iso. Muka turara ɗaki har sauro ya yi ƙaura zuwa Maradun, huffi na nan a ƙafa.

Sai na koma dabarata. Ran farko na yi ihu na ce na ga kunama ta shige cikin huffin dama. Kaka ko motsi bai yi ba, ya ce, "Bar ta, ita ma bautar Allah takai." Rana ta biyu na yi kamar na yi tuntuɓe na juye masa kunu a ƙafa. Ya sa tsumma ya goge, ya ce a ba Tsiya wani kunun ya ƙara, ta hagu ba ta samu ba. Amma da na sunkuya ina taya shi gogewa, na ji wani wari. Ba warin fata da gumi ba ne. Wari ne irin na abin da ya mutu a bayan rumbu.

Ranar ban ci abinci ba. Na zagaya garinmu har karnuka suka gaji da kallona.

Washegari bayan la'asar zaure ya cika kamar kullum. Na zauna a gabansa da waya.

"Tsoho, yau Bakano ya ce godiyar yatsu za a yi. Ɗaya bayan ɗaya, har goma. Kuma sai ya gani da idonsa."

Bakano bai ce haka ba, ni na ce. Mutane suka yi dariya. Kaka bai yi ba.

"Ka ce ma Bakano yatsuna ba na kallo ba ne."

"To ta dama fa? Yau ba za a gode mata ba?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi a kowane hali."

Na ajiye wayar. Tun ina ƙarami muke kokawar wasa da shi, in kama ƙafarsa in ce na kayar da zaki. Na ce, "Yau sai na kada zaki," na kai hannu na damƙi ƙafar dama.

Kaka ya yi ƙara. Tunda aka haife ni ban taɓa jin wannan muryar daga bakinsa ba. Na duba tafin hannuna, ya jiƙe, ruwan ya ɓullo ta ɗinkin fatar. Ba wanda ya iya cire huffin, sai da aka kawo reza aka tsaga. Ba zan kwatanta abin da muka gani ba, don wataƙila wani yana cin abinci. Yatsu biyu na gefe sun yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ashe wata ƙaya ya taka a bakin kwatar ban-ruwa, bai ma ji shigarta ba sai da wurin ya fara ruwa.

Ya dube ni, idonsa jawur, ya ce a hankali, "Ka tona ni gaban mutane, Nura."

Nura ya ce, bai ce Tsiya ba. Da ya mare ni ya fi mini sauƙi.

Ba a bin hanyarmu in rana ta yi sanyi, kowa ya san dalili, don haka sai da gari ya waye muka kama hanyar Mafara. A wannan karon ba mu yi dogon layi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga zanen da muka rufe ƙafar, ta sauke, ta ce mu biyo ta. Likitan matashi ne, ga alama shi ma bai yi barci ba. Ya duba ya daɗe, ya tambayi Baba tun yaushe. Baba ya kalli ƙasa. Ya tambayi Kaka ya yake ji. Kaka ya ce, "Da sauƙi, likita."

Likitan ya ajiye biro, ya dubi Kaka.

"Baba, a ɗakin nan ba a cewa da sauƙi. Wanda ya samu sauƙi yana gida."

Sannan ya juyo gare mu ya faɗi maganar da har yau take kunnena: "Ƙafar mai suga ba ta kawo ƙara. Ku ne za ku je ku tambaye ta, da ido." Ya ce yatsun biyu sun tafi, sai an cire. Sauran ƙafar kuma za a gwada, in ruɓar ta tsaya, to. In ta haura, sai dai Sakkwato, kuma a can maganar gwiwa za a yi.

Satin da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ina jin na tsufa a cikinsa, na yi furfura, ta zube, wata ta fito. Ni ne mai jinya. Ni ne sayo allura, sayo ruwan ƙari, sayo auduga, komawa a ce ba wannan ba ce. Komai na asibiti sai ka saya, ina jira ne kawai a ce mu sayo likita daga waje. Shinkafar da Kaka ya ajiye ta iri da ragon da Innata ke kiwo duk suka bi ta tagar kantin magani. Amma kuma ma'aikacin da ke wanke ciwon kullum da safe, wani mai faɗa kamar an taka masa wutsiya, bai taɓa yin fashi ba, kuma hannunsa a kan ƙafar Kaka kamar yana riƙe da ƙwai. Allah ya saka masa. Allah kuma ya shirya shi.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Gwaggo ta iso da man shafawa a cikin kwalbar turare, ma'aikacin nan ya kama ta tana ƙoƙarin kwance bandeji, sai da ta ɓuya a bayan wata mai sayar da ayaba. Abokin Kaka na Maradun ya zo ya ce da an bar shi da ƙafar kwana uku da yatsun sun dawo. Na ce masa, "Baba, ai suna nan an ajiye, a kawo maka?" Babana ya kore ni waje.

Kaka kuwa ba ya yi mini magana. In na ba shi ruwa ya karɓa, in na ɗaga shi ya tashi, shi ke nan. Kullum da safe ma'aikacin yana zana layi da biro a inda jan kumburin ƙafar ya tsaya, washegari a duba ko ya wuce. Ni kuma in kasa tsayawa, in fita in zagaya asibitin, in dawo, in sake fita. Wata rana a ƙarƙashin bishiyar da masu jinya ke shanya, na buɗe wayar na zazzage wa Bakano. Na ce duk shi ya ja, shi da godiyarsa, mun mai da tsoho gwanin godiya a gaban jama'a har ya rasa bakin cewa yana ciwo. Ban yi zaton zai amsa laifi ba, amma ya ce maganata tana kan hanya: godiyar da ba ta bar wa mutum wurin kuka ba, nauyi ce. Ya ce in samu wani babba a gida in gaya masa yadda nake ji, kada in bar shi a waya kawai. Na gaya wa Gwaggo. Ta rungume ni ta yi kuka, sannan ta ce in shafa man nan a goshi.

Ana cikin mako na biyu jan ya tsaya a bayan layin biro. Washegari ya ja baya. Likita ya ce ba sai an je Sakkwato ba. Baba ya fita waje da sauri kamar an kira shi, na leƙa na gan shi ya jingina da bango ya rufe fuska da hula.

Da yamma ina gyara wa Kaka matashi, sai na ji ya ce, yana kallon silin, "Ina Bakano? Ya mutu?"

"Yana nan. Ya ce yanzu doka ta canza. Godiya ukku, ƙorafi ɗaya. In babu ƙorafi, ba a karɓar godiyar."

"Shi ya ce, ko kai?"

"Ni."

"Na sani. Hausar ba ta Kano ba ce."

Godiyar ta zo masa da sauƙi: gwiwarsa, ma'aikaci mai faɗa, da wancan, ya nuna ƙofar da Baba ya fita. Ƙorafin ne ya gagara. Ya buɗe baki ya rufe. Ya gyara hula. Mutumin da ya haddace littattafai ya rasa jimla ɗaya. Na ce ina jira, ba inda za ni, ko da yake ƙafata tana ta kaɗawa.

Can ya ce, "Na ji tsoro. Na ga an riga an sai da shinkafa kan maganin hwarko. Na ce in na yi shiru, ƙila ta warke da kanta." Ya dubi ƙafar. "Kuma tana ciwo, Tsiya. Tana ciwo ƙwarai."

Ban rubuta wannan a waya ba. Na zauna a bakin gadon, kuma a karon farko a tarihin duniya na yi zaman da ba a ce in yi ba.

Yanzu muna gida. Yana takawa da sanda, ya koma jan salla. An tsaga huffi, ɗayan ma na ɓoye shi inda ko Bakano bai sani ba. Mutanen zaure har yanzu suna taruwa, sai dai yanzu kowa sai ya kawo ƙorafinsa ɗaya, kuma ta haka muka gano mutum biyu da ya kamata su je awo tun bara. Wanda zai yi amfani da irin wannan manhaja don ya faranta ran majinyacinsa, ya yi, tana taimakawa, ni shaida ne. Amma ba ta da hanci, kuma ba ta da hannu. Wannan aikinka ne.

Kullum da safe kafin in tafi makaranta nakan durƙusa in ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, in duba tafin, in duba tsakanin yatsu takwas ɗin. Yau da na gama na ce, "To Tsoho, ƙorafin yau?"

"Kai ne."

"Wannan ka faɗa jiya. Kawo sabo."

Ya leƙa ƙafar, ya nuna gurbin da babu komai.

"Ƙaramin yatsan nan da anka yanke. Tun asuba yake man ƙaiƙayi."

Na sa hannu na sosa masa iska. Ya lumshe ido ya ce, "Ƙasa kaɗan."